Ranar da Ɗayyabu Ya Kawo Orora Wajen Suna

Shekarar da koren hasken nan na samaniya da ake kira orora ya cika wayoyin mutane, a shekarar Ɗayyabu ya sayi kyamara. Hasken dai na ƙasashen ƙanƙara ne, can ƙuryar arewacin duniya, amma a wannan karon ya yi ambaliya har garuruwan da ba su saba ganinsa ba. Duk wanda ya buɗe waya sai ya ga samaniyar wasu ta yi kore da shunayya, ga taurari birjik.

Shekarar Ɗayyabu bakwai a unguwar Cheras ta Kuala Lumpur, shi da matarsa Halimatu da 'yarsu Ulfa. Kilishi da yaji da garin kunu yake kawowa daga Kano yana sayar wa ɗalibai. Kafin nan ya taɓa aski, ya taɓa gyaran waya, kuma kowace sana'a a cewarsa shi ya bar ta, don ta yi masa kaɗan. Kwanan kyamarar tara a hannunsa ya fara cewa "mu masu hoto".

Ranar Lahadi bayan la'asar ya shigo shagon mamak, wato rumfar abinci ta Indiyawa Musulmi, inda 'yan Arewa ke shan shayi, kyamara na reto a ƙirjinsa. Alhaji Sirajo na zaune yana karɓar barka, don a jiya aka yi masa haihuwa. Alhaji shi ne wakilin da ke samo wa 'ya'yan mutane gurbin karatu a kwalejojin garin, kuma duk shekara ɗalibansa talatin ko fiye suke kammalawa. Hotunan bikin yaye su kuwa, shekara uku ke nan Zahraddeen ke ɗauka, wani mai digiri na biyu a injiniya, mutum mai ƙarancin magana, sai dai in ya yi ta tana da ƙaya. Wannan aikin ne Ɗayyabu ya sa wa ido.

"Ranka ya daɗe, Allah ya raya," in ji Ɗayyabu. "Amma akwai abin da ke damuna. Yara su shekara huɗu suna shan wahala, ranar ƙarshe a jera su jikin bango kamar masu neman biza? Hoto ilimi ne."

Alhaji ya ce, "To, Malam Ɗayyabu, kai me ka ɗauka da taka?"

Zahraddeen bai ɗago daga kofinsa ba ya ce, "Ulfa sau arba'in. Da kyanwar maƙwabta, rabinta."

"Kyanwar ce ta motsa!"

Alhaji ya yi dariya har da buga tebur. Mutum ne mai son a ba shi nishaɗi. Ya ce, "Ga hanya mai sauƙi. Asabar suna. Ka kawo hoto ɗaya wanda ba a taɓa ɗauka ba a garin nan. In ya burge jama'a, aikin yaye na bana naka ne. In bai burge ba, Zahraddeen ya ci gaba, kai kuma mu huta da lacca."

Ɗayyabu ya miƙe tsaye, ya ware hannuwa daga wannan bango zuwa wancan.

"Orora zan kawo. Hoto mai faɗi, fanorama, daga gabas har yamma, da taurarinta."

Zahraddeen ya ajiye kofi. "Oga, ka san inda kake zaune kuwa? Kusan a kan layin da ya raba duniya gida biyu muke. Orora ba ta zuwa nan."

"Ta je ƙasashen da ba ta taɓa zuwa ba, ko ba ta je ba?"

"Ta je."

"To me ya rage? Nan ba ƙasar Allah ba ce?"

"Sai dai in jirgi za ta biyo."

"Matsalarku ke nan 'yan boko. Littafi ya ce babu, shi ke nan kun kwanta. Ni sama zan duba, ba littafi ba."

A daren Litinin ya hau rufin gininsu, hawa na talatin, da kyamara da ƙafa-uku, abin ɗora ta, da ya sayo a kasuwar dare. A jikin ƙofar rufin an rubuta da harshe uku cewa ba a shiga. Ya ce da masu shanya ake, ya tura, ya tokare ƙofar da silifa ɗaya don kada ta rufe.

Ya ɗaga kai. Samaniyar Kuala Lumpur da dare launin shayi da madara gare ta, saboda fitilun gari sun cinye duhun kaf. Ya ƙirga taurari huɗu. Biyu suka wuce a hankali suna ƙyaftawa, suka nufi filin jirgi. Na uku ya duba da kyau, ashe fitilar saman wani dogon gini ce. Na huɗun ya tsaya shi kaɗai kamar wanda aka manta da shi a tasha.

Ya kafa ƙafa-uku, sai ya ga ƙafa ɗaya ta gaza 'yan'uwanta tsawo. Ya cire silifar da ta rage a ƙafarsa ya sa a ƙasa. Ba ta isa ba. Ya koma ya zaro ta jikin ƙofa ya ɗora a kai. Kyamara ta tsaya cak. Yana cikin yaba wa kansa sai ya ji ƙofa ta ce ƙyas a bayansa.

Ruwan garin nan kuwa ba ya sallama. Walƙiya ɗaya, tsawa ɗaya, sai kamar da bakin ƙwarya. Ya tuɓe riga ya lulluɓe kyamara, ya tsugunna a gindin tankin ruwa da singileti, ya kira matarsa.

"Halimatu, kada ki tayar da hankali, amma ki je ki kira mai gadi."

"Baban Ulfa, kana ina?"

"Ina wajen aiki."

"Wane aiki ne ake jin ruwa haka?"

Mai gadin, wani ɗan Nefal, ya buɗe ƙofa ya haske shi da tocila, ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Tak boleh, lah, bos," wato ba a yin haka. A lifta suka tarar da wata tsohuwar 'yar Sin da ke hawa na ashirin. Ta kalli ƙafafunsa ba takalmi, ta kalli ƙafa-uku da ya saɓa a kafaɗa yana ɗiga, ta matsa kusurwa ta rungume jakarta. Kafin ya shiga gida an riga an sa hotonsa a zauren wayar mazauna ginin, ana tambaya ko wani ya san wannan mutumin. Shi ne hoto na farko da aikin ya samar, kuma ya fito tangaran.

Halimatu ta miƙo masa tawul. "An samu?"

"Ta kusa fitowa ruwa ya kore ta. Na ga alamarta."

Daren Laraba yana tsaye a baranda sai ya hango wani kore-kore can wajen tsakiyar gari, ƙasa-ƙasa, yana motsi. Bai ko sa hula ba. A cikin jirgin ƙasa ƙafa-uku ta zunguri mutum uku, ya ba biyu haƙuri. Ya canja jirgi, ya sauka a Kampung Baru, tsohuwar unguwar Malayawa mai rumfunan abinci, yana bin hasken da ido. Hasken ya kai shi har gaban wata rumfar tsire irin nasu, wanda suke kira sate. Mai rumfar ya rataya doguwar koriyar fitila, hayaƙin gashi na tashi ta cikinta yana lanƙwasa.

Duk mai hankali da ya juya. Ɗayyabu ma ya so juyawa, amma sai ya ji murya daga wani tebur.

"Oga! Ka zo cin abinci ne, ko ta sauka a nan?"

Zahraddeen ne, da faranti a gabansa. Yanzu kuma ba halin komawa.

"Gwaji nake yi," in ji Ɗayyabu. "Ƙwararre ba ya fita farauta bai gwada bindiga ba."

Ya kafa ƙafa-uku a tsakiyar hanyar da ke tsakanin tebura. Ka'idar fanorama ita ce mutum ya juya da kyamara a hankali, yana ɗauka kashi-kashi, daga baya a haɗe su. Ɗayyabu ya fahimci cewa juyawa ake yi, sai dai bai fahimci cewa kan kyamarar kaɗai ake juyawa ba. Ya rungumi ƙafa-ukun gaba ɗaya, ido ɗaya a rufe, ya shiga zagaye da ita taku-taku. A kashi na biyar ƙafa ɗaya ta saƙalo ledar tebur. A na shida jug ɗin jan sharba mai madara ya kife a cinyar wani dattijo da ya fito sallar isha'i da farar jallabiya.

Dattijon bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi ciwo. Ya dubi jallabiyarsa, ya dubi Ɗayyabu, ya ce, "Sabar, sabar," wato haƙuri, ba a san ko da kansa yake ba ko da Ɗayyabu. Matar mai rumfa ce ta yi faɗan a madadinsa, da Malayanci mai sauri, tana nuna hanyar tasha da muciya. Ɗayyabu ya durƙusa yana goge jallabiya da tisu, jan yana ƙara yaɗuwa.

Zahraddeen ya karɓi kyamarar ya duba abin da ta haɗa. Matar mai rumfa ta fito da kai uku. Babur ya fito ba gaba, direbansa kuma yana can gefe zaune a kan iska.

"Oga, ka ci gasa," in ji shi. "Wannan kam ba a taɓa ɗauka ba a garin nan. Aljanu ka kama."

"Asabar za ka yi dariyar."

"In sha Allahu. Na tanade ta."

Alhamis da dare Ɗayyabu ya zauna a bakin gado yana lissafin kwanaki. Dole gobe a kai hoto wajen bugawa. Sama ta ƙi, hayaƙi ya ƙi. Halimatu na falo tana yi wa Ulfa kitso. Ya ɗaga ido sai ya ga gyalenta na ankon suna rataye a jikin ƙofar durowa, an goge shi tsaf. Hajiya Ramatu, yayar mai jego, ita ta zaɓo shi a shagunan yadi na Jalan Tuanku Abdul Rahman ta raba wa mata. Kore ne shar, shara-shara, an watsa masa ƙananan duwatsu masu ƙyalli.

Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya tashi ya murɗa makulli.

Ya kashe fitila. Ya ɗaure gyalen daga durowa zuwa labule, ya kunna fanka a lamba ɗaya, ya haska fitilar waya ta baya, ya bar idon kyamara a buɗe daƙiƙa talatin. Da ya duba sai da ya ce subhanallahi. Koren ya narke ya zama igiyoyin haske masu lanƙwasa, duwatsun da ke jikin inda ya ɗaure tam suka tsaya cak suna ƙyalli cikin baƙi. Gaskiya dai, wannan shi ne kyakkyawan hoto na farko da ya taɓa ɗauka a rayuwarsa. Ya bi shi kashi-kashi daga wannan gefe zuwa wancan, kuma a karon nan kan kyamarar kaɗai ya juya.

Da ya tsaya nan da an rabu lafiya da gyale. Amma ya ce hasken bai yi rawa sosai ba, ya kai fanka lamba uku. Fankar kuwa tun bara murfin gabanta ya cire don ya gyara. Ta fizgi bakin gyalen ta ce ƙurrr, ta naɗe rabinsa, duwatsu suka watsu a ɗaki kamar an sheƙe gero.

"Baban Ulfa, mene ne wannan?"

"Fanka ce take tari! Kada ki shigo, ina wankin hoto!"

Ya tsince abin da ya tsinto, ya cusa ragowar gyalen a ƙasan kwalin kilishi.

Safiyar Asabar Halimatu ta birkice gidan. Ta duba durowa, ta duba ƙarƙashin gado, ta tuhumi Ulfa har yarinya ta yi kuka.

"Ba ka ga gyalena ba? A nan na rataye shi."

"Ni da gyale? Ni duk satin nan idona na sama."

Haka ta yafa wani tsoho ruwan ƙasa a kan koren leshi. A zauren taron da ke ƙasan ginin su Alhaji mata ashirin da wani abu sun yi kore shar, ita kaɗai ta fita daban. Tun daga ƙofa aka fara. "A'a, Maman Ulfa, ba a ba ki naki ba ne?" "Ko dai ba ki yi da mu ba ne?" Ta yi murmushin da mata ke yi in suna ajiye magana don gida.

Bayan an ci shinkafa da rago, Alhaji ya karɓi lasifika ya ce Malam Ɗayyabu yana da abin nuna wa jama'a. Ɗayyabu ya fito da babbar riga, ya sa aka warware hoton aka manna a bango da salatif. Tsawonsa mita huɗu. A ƙasa an rubuta sunansa da manyan baƙaƙe.

Daga ɓangaren maza aka fara masha Allah. Alhaji ya miƙe ya matso, baki buɗe.

"Malam Ɗayyabu, a garin nan?"

"A Cheras, ranka ya daɗe. Ƙarfe uku da minti goma na dare. Kowa na barci, har da masu digiri. Minti biyu kacal ta yi ta koma. Ba kowa take fitowa wa ba."

Zahraddeen ya zo ya tsaya gaban hoton, hannu a baya, ya bi shi daga farko har ƙarshe.

"Oga, taurarin nan suna da tarbiyya. Dubi yadda suka yi sahu."

"Ikon Allah ke nan."

"Waɗannan da suka taru wuri ɗaya fa?"

"Kai da ka yi boko ba ka san Kaza da 'Ya'yanta ba?"

"Na san ta. Amma ɗaya na sani. A nan na ƙirga kaza goma sha huɗu, kuma tazarar da ke tsakaninsu daidai wa daida."

"Fanorama ce. Faɗi gare ta. Abin da ido ke gani ɗaya, ita sai ta ga gidan gaba ɗaya."

Wasu mazan suka gyaɗa kai, don bayanin ya yi kama da ilimi. Alhaji har ya ɗaga hannu zai dafa kafaɗar Ɗayyabu. A daidai lokacin Hajiya Ramatu ta taso daga ɓangaren mata, faranti a hannu ɗaya, tana gyara tabarau da ɗayan. Mace ce da ta shekara ashirin tana zaɓen yadi, ba ta taɓa mantuwa da zanen da ta taɓa da hannunta ba. Ta ƙura wa kaza ta uku ido. Ta ajiye faranti. Ta kamo bakin gyalenta ta shimfiɗa a jikin hoton.

Dutse biyar a zagaye, ɗaya a tsakiya. Haka a gyale, haka a sama.

"La ilaha illallahu," in ji ta. "Jama'a, ai wannan ankonmu ne."

Mata suka taso duu. Kowacce ta kamo nata tana gwadawa. Wata ta ce, "Ga ma ɗinkin bakin nan a ƙasa!"

"Wannan layin duwatsun bayan gari ne," in ji Ɗayyabu.

"Duwatsun bayan gari da zare a jiki?"

Amma bai sauka daga kan maganarsa ba. "Hajiya, ki yi tunani. Masu saƙa gyale a ina suke samo zane? Ai sama suke kwaikwayo. Su suka sata daga wajena, wato daga wajen sama."

Dariya ta ɓarke har mai jego ta leƙo da jariri. Mutum ɗaya ce ba ta dariya. Mata suka buɗa mata hanya ba tare da an ce su buɗa ba. Halimatu ta zo ta tsaya gaban mijinta da gyalenta ruwan ƙasa.

"Baban Ulfa."

"Na'am."

"Ina gyalena?"

Ya dubi Alhaji, Alhaji ya dubi silin.

"Yana gida. Cikin kwalin kilishi."

"Da rai ko ba rai?"

"Ai ita fankar..."

"Fankar da ta yi tari."

"Ita."

"Na sa yarinya kuka da safe kana tsaye kana kallo."

Bai ce komai ba. Waɗanda suka san shi sun ce wannan ne karo na farko a shekara bakwai.

Alhaji ya share hawayen dariya da bakin rigarsa, ya karɓi lasifika. "Alƙawari kaya ne. Na ce hoton da ba a taɓa ɗauka ba a garin nan, kuma wallahi ba a taɓa ba. Amma ina tsoron in ba shi ɗalibaina, ya ɗauki labulen ɗakinsa ya ce su ne. Zahraddeen, ka ci gaba da aikinka."

Ana cikin haka salatif ya saki, gefen hagu na hoton ya zame ƙasa. Ɗayyabu ya yi wuf zai naɗe abinsa ya sulale. Hajiya Ramatu ta riƙe masa hannun riga.

"Ina za ka kai shi? Ai ba mu taɓa samun bangon hoton da ya dace da anko irin wannan ba. Ku kawo masa kujera."

Aka ɗaure gefen dama a ƙarfen taga. Gefen hagu ba abin ɗaurewa, sai aka ɗora Ɗayyabu a kan kujera da babbar rigarsa, hannu biyu a sama. Mata suka yi layi, uku-uku, biyar-biyar, da mai jego, da ba mai jego, kowacce sai an sake mata don ta rufe ido. Da aka zo hoton gaba ɗaya, Halimatu ta shiga tsakiya. Wata ta miƙo mata aron kore, ta ce a bar shi, nata yana bayanta.

Hannun Ɗayyabu na hagu ya fara sauka. Zahraddeen ya sa ido a kyamara, ya ɗago, ya sake sawa.

"Oga, ɗaga hagu kaɗan," in ji shi. "Samaniyarka ta karkace."